Yadda Ake Gane Sinadarin da Ya Gaza Kafin a Ƙara Taki

Duk mai niyyar zuba taki ya kamata ya fara gano sinadarin da ya gaza a ƙasarsa, domin girman tsiro yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci, komai yawan sauran. Masanin kimiyya ɗan Jamus Carl Sprengel ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1828, ko da yake an fi jingina ta ga takwaransa Justus von Liebig wanda ya yaɗa ta.

A fara da duba ganye. Idan tsofaffin ganyen da ke ƙasa suka koma ruwan ɗorawa alhali na sama suna nan kore, mai yiwuwa naitirojin ne ya yi kaɗan, saboda tsiron yana janye shi daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Idan kuwa sababbin ne suka koɗe amma jijiyoyinsu suka zauna kore, a zargi ƙarancin sinadarin ƙarfe. Rashin fosfaras yakan sa ganye ya yi shunayya, rashin fotashiyam kuma ya ƙona gefensa. Sai dai ido yana ruɗuwa, don haka a kai ƙasar a auna ta, har da tsaminta, tun da ƙasa mai tsami sosai tana riƙe fosfaras ta hana saiwa sha.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne inda rarar takin take zuwa, wato rafuka da tafkunan da ruwan sama ke gangarar da ita cikinsu. A 1973 masanin kimiyya David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki a Kanada gida biyu da labulen roba, suka zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, suka ƙara fosfaras a ɗaya kaɗai, kuma wannan ɓangaren ne gansakuka ta lulluɓe. Idan irin wannan gansakuka ta mutu, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna shanye iskar oksijin, sai a ga kifaye sun taso da asuba suna buɗe baki a saman ruwa.

Saboda haka a raba takin kashi biyu ko uku bisa girman shuka, a rufe shi da ƙasa, kada a zuba lokacin da ake sa ran ruwa mai ƙarfi, sannan a bar ciyawa ta tsaya tsakanin gona da bakin ruwa domin ta tare abin da ya gangaro.