Tiyon magina ya isa auna taras

Salamu alaikum 'yan uwa manoman Gadarif da Kasala.

Kafin ku ɗaga taras a bana, wato tudun ƙasar da ake ja a gona don tare ruwan sama, ku auna gonar da farin tiyon da magina ke daidaita gini da shi. Ba sai kun biya mai awo ba.

Ku cika shi da ruwa, ku ɗaura kowane baki a jikin sanda, sandunan biyu da alama a tsayi ɗaya. Mutum biyu ke aikin. Ɗaya ya tsaya, ɗayan ya riƙa matsawa sama ko ƙasa a kan gangaren har ruwan ya zauna kan alama a duka biyun. Nan za a kafa turke, a ci gaba; layin turakun shi taras zai bi.

Dalili kuwa, ruwa ba ya kwanciya a karkace. Baƙar lakarmu tana tsagewa da rani, amma da ta sha ruwan farko sai ta kumbura ta toshe, sauran ya bi gangare da ƙasar sama, wadda ita ce abincin dawa. Taras da aka ja da ido yakan tara ruwan a kusurwa ɗaya har ya ɓalle, ya bar muku kwazazzabo.

Don Allah ku fitar da iskar cikin tiyon tukuna, kumfa na ɓata awo. A jikin taras ɗin kuwa, ku bar wa rarar ruwan sama mafita, ku jera mata duwatsu.

A gangare mai tsauri ko ƙasar rairayi, taras ɗin ƙasa zalla ba zai riƙe ba.