Yadda za ka gane furen da ke tsotsar wani tsiro

Idan kana yawo a bayan gari ka ci karo da furen da ba ka sani ba, kada ka yi saurin tsinke shi. Tsuguna tukuna ka dubi maƙwabtansa. Akwai tsirrai kusan iri 4,500 a duniya da ke rayuwa a jikin wasu, kuma sanin wanda ake tsotsa shi ne rabin sanin sunan mai tsotsar.

Fara da launi. In babu kore a jikinsa ko kaɗan, ganyen ya ƙanƙance ya zama kamar ɓawo, to ci da shansa duka a wuyan mai masaukinsa suke. In yana da koren ganye, yana haɗa wani abincin da hasken rana, ruwa da sinadaran ƙasa ne ya fi sata.

Sai ka ga inda ya kama. Wanda ya yi cunkus a reshen bishiya kauci ne, tsuntsaye ke kai 'ya'yansa masu danƙo can. Zaren da ya nannaɗe tsiro, ka bi shi har ƙarshe ba ka sami saiwa ba, ko dai tsiron da masana ke kira Cuscuta ne ko rumfar gada.

Wanda ya fito daga ƙasa shi ne mai wahala, kuma shi na fi so. Nakan sami ɗan tsinke in tona gindinsa a hankali, ina ture ƙasa da yatsa, har in kai ga wani ɗan ƙulli inda saiwarsa ta manne da ta wani. Daga nan sai in bi wancan saiwar in ga ta wace ce. Ranar da na fara ganin wannan ƙullin na daɗe a tsugune ina kallo. In saiwar da aka kama ta dawa ce ko gero ko masara, furen ruwan hoda mai sirkin shuni, ganye siriri mai kaushi, wuta-wuta ce, wato ƙuduji, wadda masana ke kira Striga hermonthica. In ta wake ce, kara ya fito gungu-gungu ba ganyen kirki, Striga gesnerioides ce. Mai rawayan fure a gindin wake kuwa Alectra vogelii. Wata alama: in ka busar da ƙuduji yakan yi baƙi.

Ɗauki hoto huɗu: fure daga gaba, kara da ganye, ƙullin, da tsiron da aka kama. Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto, irin su iNaturalist ko Pl@ntNet, za ta taimaka, amma hoton fure kaɗai yakan ruɗe ta. Ka mayar da ƙasar da ka tona.

In kuwa ƙuduji ne ya riga ya yi 'ya'ya, don Allah kada ka kai shi gida. Irinsa kamar ƙura yake, gindi ɗaya na zubar da dubbai, kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar da zai kama. Kakkaɓe takalminka da bakin wandonka kafin ka bar wurin.