Yadda 'yar wasan sofbol take samun gurbi a jami'ar Amurka

 In 'yarku tana karatun sakandare a Amurka kuma tana buga sofbol, wasan dukan ƙwallo da sanda mai kama da besbol, a fara da takarda kafin fili. Ta yi rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka da ta kasa jami'o'in rukuni uku, tun tana aji na 10 cikin 12. Rukuni na 1 yana neman manyan darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, rukuni na 2 kuma 2.2. A nan ake yawan tuntuɓe: wasa yana da kyau, maki ya gaza.

Kocin rukuni na 1 ba zai tuntuɓe ta ba sai 1 ga Satumba na aji na 11, don haka shirunsa kafin nan ba ƙi ba ne. Ita dai ta rubuta masa da kanta, ba baba ba. Ta haɗa da bidiyo gajere, minti uku ya isa: dukan ƙwallo, cafewa, jifa, da gudun ƙafa 60 zuwa tasha ta farko, agogo a hannu. Kar a saka kiɗa.

Rukuni na 3 ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa. Alkawarin baki kuwa ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takarda.