Yadda na gyara matsalar rubuta ƙ, ɗ da ɓ a Microsoft Word

Na daɗe ina rubuta haruffa masu ƙugiya ta hanyar buga lambar harafin sannan in danna Alt da X, wato 0199 don ƙ, 0257 don ɗ, 0253 kuma don ɓ. Hanyar tana aiki a farkon kalma, amma duk lokacin da na zo rubuta kalma irin "kaɗan", sai wata baƙuwar alama ta fito a maimakon ɗ, har harafin "a" da ke gabanta ya ɓace.

Da na bincika sai na gane dalilin: tsarin waɗannan lambobin yana ɗaukar haruffa daga a zuwa f a matsayin alƙaluma, saboda haka manhajar tana karanta "a0257" gaba ɗaya. Sanya U+ kafin lambar ya warware wannan, sai dai bugun ya yi yawa ga mai rubuta shafuka da dama a rana.

Don haka na shiga Insert, na buɗe Symbol, na zaɓi ƙ, na danna Shortcut Key, na ba shi Alt da K. Haka na yi wa ɗ da ɓ da Alt da D da kuma Alt da B. Na guji Ctrl da gangan, domin Ctrl da B shi ke kaurara rubutu, Ctrl da K kuma shi ke saka mahaɗi (link). Na adana canjin a Normal.dotm, wato fayil ɗin da Word ke gina sababbin takardu a kansa, don ya yi aiki a kowace sabuwar takarda da na buɗe.