Mura a lokacin hunturu: yadda mai ɗauke da HIV zai kula da kansa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu a Gombe tana busar da hanci da maƙogwaro, ga mutane a cunkushe ɗaki guda an rufe taga saboda sanyi. A nan ƙwayoyin bairos ke samun hanya: na mura, na infuluwenza, na korona. Wanda ke shan maganin HIV kullum, gwaji ya nuna ƙwayar ta kwanta a jininsa, yawanci murarsa irin ta kowa ce, mako guda zuwa kwana 10 ta wuce. Wanda muka fi ji wa tsoro shi ne wanda CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jikinsa, ya sauka ƙasa da 200, ko ya yi wasa da magani, don shi mura kan gangara ƙirji ta zama nimoniya, wato ciwon huhu.

Abu na farko, kada ka tsallake maganinka na HIV ko da rana ɗaya, ko da ba ka iya cin abinci. Maganin HIV da ake kira TLD ana shansa da abinci ko babu. Idan an ba ka Septrin, shi ma ci gaba da sha, yana tare wasu cututtukan huhu masu shiga idan garkuwa ta yi rauni. Sai dai a kula: wasu magungunan ƙwannafi, ko ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, suna hana dolutegravir da ke cikin TLD shiga jiki. Sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

Don zazzaɓi da ciwon jiki, babba zai sha farasitamol na 500mg guda 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce guda 8 a wuni da kwana. Duba kwalin maganin mura na kemis, da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum ya ninka bai sani ba hanta ta wahala. Ruwan ɗumi da yawa, kunu, zuma da lemon tsami, kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. A yi gwajin maleriya, zazzaɓi a garinmu ba a yanke masa hukunci da ido.

Kada ka sayi maganin kashe bakteriya da kanka. Ba ya taɓa bairos. Mafi muni su ne sifrofuloksasin da lebofuloksasin: suna lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, ka ɗauka ka warke, gwaji ya makara.

Tarin fuka shi ne abin da ya fi damun mu. Ga mai HIV, ba a jiran tari ya kai mako biyu. Tari kowane iri, zazzaɓi, gumin dare ko rama, ɗaya daga ciki ya isa ka sanar da asibitin da kake karɓar magani a duba ka, a gwada majina da na'urar GeneXpert. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne. Busasshen tari da haki idan ka ɗan taka zuwa masallaci, musamman in CD4 ya yi ƙasa, alama ce ta wata nimoniya da ake kira PCP, mai bukatar magani na daban.

A ƙirga numfashi. Wani ya zauna kusa da kai, agogo a hannu, ya kalli ɗagawar ƙirjinka na minti ɗaya cikakke. Fiye da 30 a babba, ko zafin jiki sama da digiri 39, ko kasa tafiya sai an riƙe ka, ko ruɗewa, ko jini a majina, to ba a kwana a gida. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko babban asibiti mafi kusa, da katin magani a hannu, a faɗa wa likita abin da ake sha.

A gida, a buɗe taga da rana, mai tari ya sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu. Kaskon gawayi kuwa kada ya kwana a ɗaki rufe.