Rabon aiki a takardar neman kuɗin bincike

Ku fara da jera ayyukan, sunayen mutane su biyo baya. A ce wata tawaga a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za ta yi wata 36 tana nazarin ruɓewar albasar Galmi a wurin ajiya. Akwai gwaji a gona, zagayen jin ta bakin manoma, nazarin alƙaluma, rubuta rahoto da riƙon kuɗi. Kowane aiki a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya. In aka sa biyu, ranar miƙa rahoto kowa zai ce ya ɗauka ɗan'uwansa ya yi.

Daga nan sai lissafin lokaci, inda takardu da yawa ke faɗuwa. Malamin da zai ba porje, wato aikin binciken, kwana ɗaya cikin biyar na mako ya ba da kashi 20 cikin ɗari, wato wata 7.2 a shekara 3. Wannan adadin ne zai fito a bayanin aikinsa da kuma kasafin kuɗi. In sun saɓa, mai tantancewa zai gani. Kada a naɗa babban farfesa jagora don sunansa kawai alhali koyarwa da tarurruka sun cinye makonsa. A bar shi mai ba da shawara, ragamar ta koma hannun wanda zai zauna kan aikin, a manna takardar tarihin aikinsa.

Mai kula da kuɗi a ambace shi tun farko, shi ke tara rasit da takardun tafiye-tafiye. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, mai ba da kuɗin bincike, yana neman tsarin adana bayanai cikin wata 6 na farko, don haka a faɗi wa zai rubuta shi. Binciken da ya taɓa lafiyar mutane kuwa sai da izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa, a sa mai bin takardar a Yamai.

Idan akwai abokan hulɗa, kamar INRAN (cibiyar binciken aikin gona ta Nijar) ko wata jami'a a Faransa, a rubuta yarjejeniya kafin miƙa takarda: wa ke riƙe bayanai, wa ke nazarinsu, sunan wa zai zo farko a maƙala. Ba ƙaramin zance ba ne ga matashin malami mai jiran ƙarin girma a CAMES, hukumar ƙasashen Afirka da ke tantance malaman jami'a. Ƴan gida su shiga nazari da rubutu, kada rabonsu ya tsaya ga shan rana a gona.

Sa hannun shugaban jami'a yakan ɗauki kwanaki, ku kai takardar ofishinsa mako biyu kafin wa'adi.