Sansan Zafin Inji a Tsohuwar Mota: Gano Wanda Ya Lalace da Canza Shi

Tsofaffin motocin da suka cika titunan Legas, irin su Camry ta 1997 zuwa 2001, da Corolla, da Accord, yawancinsu sansan zafi, wato ɗan abin da ke jin zafin ruwan inji, biyu gare su, wasu ma uku. Rashin sanin haka ne ke sa mutum ya je kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sayo sabo, a ɗaura, matsala kuma tana nan daram, don lafiyayyen aka cire aka bar mai ciwon.

Na farko mai waya biyu ne. Shi ke kai rahoto ga kwamfutar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, kuma da rahotonsa take auna yawan man da za ta ba inji da tsayin silo. Na biyu ƙarami ne mai waya ɗaya, ba ruwansa da inji, allurar gejin da ke gaban direba kaɗai yake motsawa. Na uku makunnin fanka ne, wanda ke ta da ita in ruwa ya kai digiri 90 da ɗoriya. Don gano biyun farko, bi tiyon sama na lagireto har inda ya shiga jikin inji. A kan wannan gidan ƙarfen, ko daf da shi, za ka same su. Makunnin fanka kuwa, a Toyota da yawa yana gindin lagireto, a Honda yana jikin gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. Golf ta Volkswagen daban take: an haɗa na kwamfuta da na geji cikin sansa ɗaya mai ƙafa huɗu, kuma ba murɗa shi ake yi ba, kilif ne ke riƙe da shi da zoben roba.

Alamun kowanne daban ne, saboda haka tun daga halin motar ake fara zargi. In allura ta kwanta ko tana tsalle amma mota na tafiya lafiya, mai waya ɗaya ne ko wayarsa. In mota na zuƙar mai, salansa na baƙin hayaƙi, fulogai sun yi baƙi ƙirin, silo ya ƙi sauka, ko ta ƙi tashi bayan ta yi zafi, a duba mai waya biyu: yana gaya wa kwamfuta inji na sanyi, ita kuma sai ta dinga ƙara mai. In kuma ƙaryar tasa ta juya, yana cewa inji ya yi zafi alhali da sanyinsa, da safe ake shan wahalar tashi. Motar da ke lafiya a buɗaɗɗiyar hanya amma allura ta hau sama da zarar an shiga gosulon Oshodi ko titin Ikorodu, ita fanka za a fara bi: fiyus, rile, makunnin, sannan moton da ke juya fankar.

Kafin a kwance komai a gwada. Mitar auna lantarki ta dijital mai araha ta isa.

Abin da ke cikin sansa wani ɗan sinadari ne da turjiyarsa ga wutar lantarki, wadda ake aunawa da om, ke raguwa in zafi ya ƙaru. A yawancin motocin Japan da na Turai, a digiri 20 mai waya biyu yana ba da om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ya sauko kusan 300. Da yake safiyar Legas takan kasance kusan digiri 25, motar da ta kwana za ta nuna tsakanin 1,600 da 2,100. Zare soket, sa mita a om, ɗora wayoyinta a ƙafafun sansan biyu, ka rubuta abin da ka gani. Mayar da soket, ta da mota har ta yi zafi, kashe ta, sake aunawa. In lambar ba ta sauka ba, ko mita ta nuna babu haɗi sam, ko ta nuna sifiri, sansan ya mutu. Wanda aka cire a hannu kuma ana iya tsoma bakinsa a ruwan zafi, ana kallon mita: lafiyayye lambarsa na sauka a hankali, ba ta tsalle. Mai tsallen nan shi ne mugu, don shi ke sa mota ta yi lafiya yau gobe ta birkice.

Sai soket ɗin kansa. Buɗe makulli ba tare da ta da inji ba, auna tsakanin ramukansa biyu: ya kamata ka ga kusan bolt 5. In babu, waya ce ta tsinke ko as, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, ya saki, kuma ko sansa goma ka canza ba abin da zai sauya. A nan Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Danshi da iskar teku, da kutsawa cikin ruwa lokacin damina, da masu wankin mota da ke fesa wa inji ruwa mai ƙarfi, duk suna sa ƙafafun soket su yi koren tsatsa. Tsatsar na ƙara turjiya, kwamfuta kuma ta ɗauka sanyi ne. Sau da yawa gogewa da matse ramukan ya wadatar.

Mai waya ɗaya gwajinsa ya fi sauƙi. Zare wayar, buɗe makulli, taɓa ta a jikin inji na daƙiƙa biyu ko uku, wani na kallon geji. In allura ta tashi zuwa H, geji da waya lafiyarsu ƙalau, sansan ne. Kada a bar ta manne, geji na iya ƙonewa.

Motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana karɓar na'urar sikanin, wadda ke nuna lambar matsalar da kwamfuta ta ajiye. P0118 na nufin layin a yanke yake, kuma galibi za ka ga zafi ya nuna digiri 40 ƙasa da sifiri. P0117 waya ce ta taɓa jiki ko sansan ya haɗe a ciki. P0115 matsalar layin ce gaba ɗaya. Da safe kafin a ta da mota, zafin ruwa da na iskar da inji ke shaƙa su zo kusan ɗaya. P0128 kuwa galibi ba laifin sansa ba ne, tamostat ce, kuma a nan ne al'adar garejinmu ke shigowa: tokumbo, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, na sauka daga tashar jirgin ruwa ta Apapa sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka ba ya kai zafin aikinsa, sansan na faɗin gaskiya cewa da sanyi, mota na shan mai, a zo a ɗora masa laifi. A mayar da tamostat, yawanci mai buɗewa a digiri 82, kafin a yanke hukunci. Haka nan in ruwa ya yi ƙasa, bakin sansan na zaune cikin iska, allura na iya nuna lafiya alhali inji na dahuwa.

In ya tabbata sansan ne, wajen saye a tafi da tsohon a hannu ko lambar da ke jikinsa. Kamar soket kaɗai ba ta isa ba. Zaren murɗi da tsawon baki da turjiya duk sai sun dace. A auna shi da mita a gaban mai shago. Na Beljiyam na asali da ya ci gwaji ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Aikin ana yin sa ne da inji mai sanyi, don lagireto mai zafi in an buɗe shi ruwan na tsartuwa ya sale fata. Cire kan batir na as. Buɗe murfin lagireto iska ta fita, sannan ka zubar da kamar lita biyu ta ƙasa cikin roba mai tsabta, yadda ruwan zai sauka ƙasa da sansan. Danna harshen soket kafin ka ja, kuma ka riƙe jikinsa, ba waya ba. Robar da ta shekara ashirin cikin zafi tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli. A Toyota dogon soket na sifana mai lamba 19 ke kama mai waya biyu. In ya cije, fesa man kwance tsatsa ka jira minti goma. Goge ramin, sa sabon wosha ko zoben roba, fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗaure daidai misali, kusan niyuton-mita 20. Jikinsa tagulla ne, gidansa kuma sau da yawa alminiyon, ƙarfin tsiya zai karya shi a ciki ko ya cinye zaren. Mai waya ɗaya ta zarensa yake samun as, saboda haka kada a naɗe shi da farin tef ɗin masu famfo. In dole ne, ɗan shafen man toshe zare ya isa. A Golf, tabbatar tsohon zoben roba ya fito daga ramin, don yana yawan maƙalewa, kuma sabon kilif ya shiga har ƙarshe.

Mayar da ruwa, kuma ya zama kulan ne, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ba ruwan rijiyar burtsatse ba, wanda ke lulluɓe bakin sansa da tsatsa har ya daina jin zafi da wuri. Juya hita zuwa zafi, ta da mota da murfi a buɗe, ana matsa tiyon sama a hankali har kumfa ta daina fitowa. Ciko, rufe, jira fanka ta tashi ta mutu sau biyu, sannan ka shafa gindin sansan da busasshen tsumma ka ga ko yana tsattsafo. Goge lambar da ke kwamfuta da na'urar sikanin. Washegari da safe, kafin makulli, a sake duba ruwan lagireto da na ƙaramin tanki, don yakan sauka bayan ragowar iska ta fita.